Tamanin da Ɗaya

Gadarif, 4 ga Nuwamba

'Yar'uwata Ummusalama,

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba Tukur da Inna. Kin toshe lambata, shi ya sa na ba Kawu Ayuba direba wannan takarda.

Kin tuna aikinmu na gama jami'a. Mun auna saurin da sinadarin inzayim na waken suya yake cire haidirojin daga kitsen mai, sannan muka maimaita da kitsen da aka sa wa diyuteriyam, wato haidirojin mai ninkin nauyi. Littafin aji ya ce mai sauƙin ba zai fi mai nauyin sauri da fiye da sau bakwai ba. Ke kika auna, kika samu 81. Na tsorata, na ce wa malaminmu Duktur Eltayeb kin bar kwalbar kitsen a waje, ba ki mayar cikin tallaja ba, wato firij, ta lalace. Ban gani da idona ba. Ya cire sunanki, kika koma garinku Doka babu shahadar digiri.

Makon jiya na karanta cewa kusan tamanin ake samu a wannan inzayim. Haidirojin ƙanƙane ne ƙwarai, yana kuma da ɗabi'ar igiyar ruwa, don haka wani lokaci ba ya haura shingen kuzarin da ke gabansa, sai dai a same shi a ɗaya gefen. Da Larabci "nafaƙ" suke cewa, wato ramin da ake bi a ɓulla can gaba. Mai nauyin da ƙyar yake yin haka. Awonki daidai ne.

Ki yafe mini. Na bar ki lafiya.
Salwa Husain

Doka, 9 ga Nuwamba

Salwa,

Wa alaikumus salam. Suna amsawa. Ki yi haƙuri da maiƙon takardar, daga wajen matsar riɗin Baba nake rubutu.

Ma sha Allah, duktura! Na karanta wa Baba, ya ce wato kamar ɗan akuya ya bi ta ramin danga, tunkiya mai ƙiba ta maƙale. Ya kuma ce, "To yarinyar nan ba ta ɓata musu kwalba ba ke nan?" Shekara guda yana faɗa wa maƙwabta ciwon ido ne ya dawo da ni.

Yafiya ba wuya. Amma Lamis 'yar ajinmu ta turo mini hoton kundinki tun bara. A shafi na 32 kin rubuta 6.8. Idan tamanin ne gaskiya, ya habiba, a wace kasuwa kika sayo 6.8?

Daftarin da na rubuta awona yana nan cikin akwati, ko shafi ɗaya ban yaga ba.

Wassalam,
Ummusalama

Gadarif, 12 ga Nuwamba

Ummusalama,

Bayan gaisuwa. Ki gaya wa Baba misalinsa ya kusa, sai dai babu rami a dangar. Kalmar nafaƙ ce ke ruɗarwa. Dangar lafiya take, amma ɗan akuyan yana waje.

Na tsaya kan wannan ne don ina tsoron sauran.

Bayan tafiyarki Duktur ya ba ni sabuwar kwalba. Na auna sau uku a zafin digiri 25. Na samu 79, 83 da 80. Tun ranar na san ba kwalba ba ce. Saura kwana shida a miƙa kundi, kuma da na kai masa tamanin sai ya tambaye ni me na gani a tallaja. Na rubuta 6.8 don ya yi kama da littafi. A wasiƙar farko na bar ki ki ɗauka makon jiya na gane kin kuɓuta. Dalilin kawai na sani makon jiya.

Ranar Lahadi zan kai wa Duktur lambobin nan uku da wasiƙar nan ta biyu da na kwafe. Ƙa'idar jami'a ta ba su damar janye shahadata, na duba. Ban gaya wa Abbana ba tukuna.

Allah Ya sada mu da alheri.
Salwa

Gadarif, 16 ga Nuwamba

Ummusalama,

Salam. Na je. Ya karanta a tsaye, bai ce in zauna ba. Ya karɓi shahadata ya sa a durowa har kwamiti ya zauna. Sannan ya tambaye ni yadda ake rubuta sunanki cikakke, na rubuta masa.

Yana jiranki Laraba ƙarfe tara, da daftarinki. Kawu Ayuba zai ajiye miki kujerar gaba. Ba zan zo tasha ba sai kin ce in zo.

Na bar ki cikin amincin Allah.
Salwa