Kwanon Giwa Ba Agogo

Litinin, 1 ga Yuli

Na faɗa wa mai rumfunan kasuwa ƙarshen watan nan zan rufe rumfar abincina. Ko mamaki bai yi ba, abin ya ba ni haushi. Duk garin Muar wa bai san mi bandung ɗina ba, ni Rosnah, taliya cikin romon jatan lande mai kauri, ga ƙwai a kai? Gwiwa ce ta gaji. Haka dai nake faɗa wa mutane.

Laraba, 3 ga Yuli

Na goge hotunan bango. Duk wanda ya taɓa cinye Kwanon Giwa, ƙaton kwanon taliyarmu, kafin agogon zakara ya yi cara yana nan: direban tirela, 'yan kwana-kwana biyu, da wata siririyar malamar makaranta da har yau ban san inda ta zuba shi ba. Marigayi maigidana, Abang Jamil, shi ya ƙirƙiro wasan, shi ya sayo agogon mai siffar zakara. Dokarsa ba ta da yawa: rabin awa, ba tashi daga kujera, romo har ɗigon ƙarshe. A tsakiyar bangon ya bar gurbi ɗaya, ya ce na ɗanmu Hazwan ne in ya girma.

Hazwan ya girma. Ci ne ma sana'arsa yanzu a Kuala Lumpur, cikin ƙungiyar masu gasar ci, har da riga mai sunansa a baya. Ɗan gidan Kwanon Giwa, amma bai taɓa zama gabansa ba. Ina son in ga hoton nan a gurbinsa kafin in sauke bangon. Shi ke nan abin da nake so.

Asabar, 6 ga Yuli

Na kira shi. Ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, "Mak, ƙungiya ta hana. Ɗan ƙungiya ba ya cin gasa a gidan abinci."

Na ce gidan abincin uwarka ne, ba na wani ba.

"Ba ruwansu da wannan, Mak. Duk inda aka kunna agogo a kan abinci, gasa ce. Aka sa hoton a waya, sun cire ni ke nan. Ga babbar gasar Bangkok wata mai zuwa, da kyar na samu shiga."

Na ce to gai da Bangkok. Na kashe wayata. Daga baya na tuna ban tambaye shi tarin da yake yi ba.

Lahadi, 7 ga Yuli

Ban kira ba. Shi ma bai kira ba. Taurin kan ubansa ne.

Alhamis, 11 ga Yuli

Pak Derus mai shayin kusa da ni ya nuna min yaron a wayarsa, wai don in huce. Da ma bai nuna ba. An jera masu gasar a gaban dogon teburi, kowa da alƙali a bayansa yana ɗaga lamba. Ga Hazwan nawa yana tsoma burodi cikin kofin ruwa, yana dannawa a baki, yana tsalle-tsalle wai don ya sauka. Aka hura usur, kumatunsa cike kamar na biri a gonar ayaba.

Derus ya zama malami. "Na cikin baki ma ana lissafawa, Kak Ros, in dai ya haɗiye. Amma in ya dawo, an fitar da mutum."

Na ce wannan ba ci ba ne, lodi ne. Yaron da tun yana rarrafe nake ɗanɗana masa romo da ɗan yatsa, yau ya mai da bakinsa mazurari. Harshe kam ya jefar da shi a hanyar Kuala Lumpur.

Duk da haka sau uku na sa Derus ya maimaita min. Ya rame a wuya. Kuma shi ya zo na ɗaya, ja'irin.

Talata, 16 ga Yuli

Bari in rubuta, tunda ba mai gani. Ba gwiwa ba ce. Tun zazzaɓin da na yi bara harshena ya tafi. Na sa romo a baki, ruwan ɗumi nake ji. Da hannu nake girki yanzu, da tunanin yadda yake a da. Ba wanda ya ce komai, mutanen Muar akwai kara. Amma kwanukan suna dawowa da romo a ciki, ni kuma nake wanke su, ina gani. Tsohon da ke zuwa kullum bayan azahar ya koma cin shinkafa a ƙarshen layi, in mun haɗa ido ya ɗaga min hannu da fara'a.

Ni da nake cewa wani ba shi da harshe.

Asabar, 20 ga Yuli

Derus ya ce, "To ki ba shi kwanon ba agogo mana. Uwa ta ciyar da ɗanta, wace ƙungiya ce za ta yi magana?"

Na ce ba agogo, ba Kwanon Giwa, ba hoto. Dokar Abang Jamil ce, ba tawa ba.

"Kai! Ɗa da dokarsa, uwa da dokarta. Gidanku ko kotu sai haka."

Na hana shi ƙanƙarar da ya zo nema. Da yamma na aika masa.

Lahadi, 28 ga Yuli

Hazwan ya zo. Ina yanka albasa na ji an ce "Mak" a bayana. Ya sumbaci hannuna, ba rigar ƙungiya a jikinsa, tsohuwar rigar ubansa ce mai layi-layi. Ya ja kujerar gaban bango ya zauna.

"Kawo giwar, Mak. Ki kunna zakaran."

Na ce Bangkok fa?

"Bangkok tana nan baɗi. Rumfar nan ba ta nan."

Kafin in sauke tukunya labari ya zaga kasuwa. Masu kifi, masu facin taya, 'yan matan kantin magani, kowa ya ɗaga waya sama. Wani na ihu, "Minti biyar zai tashi da shi!" Na dire kwanon, sai da na sa hannu biyu. Na ɗauko zakaran daga kan kanta, yatsana a kan abin murɗawa. Na dubi wayoyin nan, na dubi wuyan yaron da ya rame saboda wahalar shiga gasar can. Sai na ji bakina ya ce, "Agogon ya lalace."

Derus ya ce, "A'a, jiya fa na ji ya yi ca..." Na yi masa kallo ɗaya. Ya ce, "Oh, haka ne, kwanan nan ba ya jin daɗi."

Na jefa zakaran cikin buhun shinkafa. Na ce wa jama'a ba gasa yau, ɗana ne ya zo cin abincin rana, mai son kallo ya sayi nasa. Wayoyi suka sauka ɗaya bayan ɗaya.

Hazwan ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauki cokali, ya hura, ya kurɓa. Ya ɗan tsaya. Ya ci gaba a hankali, yana ɓare jatan lande da yatsu, yana tauna kamar mutum. Masu kallo suka gaji suka watse. Har aka kira la'asar yana kai. Romon nan bai bar ko ɗigo ba, ya ɗaga kwanon ya shanye, ya kife shi yadda ubansa ke so.

Ya biyo ni wurin wanke-wanke, ya karɓi soson daga hannuna. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Mak, tun yaushe?"

Na ce tun yaushe me?

"Gishirin ya kai na tukunya uku. Tsamiya kuma babu ko kaɗan. Ke ba ki taɓa yin haka ba."

Na ce to don me ka shanye, uban wa ya sa ka?

"Doka ce. Har ɗigon ƙarshe."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Shi kuma ya sha ruwa ya fi buta, yana dariya yana cewa wannan ita ce gasa mafi wuya da ya taɓa shiga.

Litinin, 29 ga Yuli

Da hantsi muka ɗora tukunya tare. Ina zubawa yana ɗanɗanawa, cokali ɗaya kawai. "Ƙara tsamiya. Tsaya. Ya isa, Mak, na ce ya isa!" Ya samo ƙananan kofuna ya zana musu layi da jan fenti, na gishiri daban, na tsamiya daban. Wai haka yake auna abincinsa in yana shirin gasa. Na ce ni ba likita ba ce da zan yi girki da awo.

Kwanukan rana sun dawo fes.

Laraba, 31 ga Yuli

Mai rumfuna ya zo karɓar makulli. Na ce ya dawo wani watan, ban gama haɗa kaya ba.

Litinin, 19 ga Agusta

Na uku Hazwan ya zo a Bangkok. Derus ya ce alƙalin bayansa ne bai iya ƙirga ba, ni ma haka na gani. Jibi zai biyo ta nan ya duba min sabon jatan landen da aka kawo, wai gishirinsa ya bambanta. Tsohon nan na bayan azahar ya dawo cin taliyarsa.

Ashe Derus ya ɗauki hoton yaron ran da muke girki, cokali a baki, ya ɓata fuska yana tunani. Ya wanko ya kawo min. Na faɗa masa wannan ba na bango ba ne, bai cika doka ba, ba a kunna agogo ba.

Na dai rataye shi a gurbin na ɗan lokaci, wurin yana tara ƙura. Zakaran yana cikin shinkafa har yanzu, in na samu sarari zan fito da shi.