Gurbin Banjon Lado

Ƙofar Kwaya, Katsina

Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri, ya takaba, ya Ummi? Allah ya jiƙan Lado, ya sa ya huta.

Ki gafarce ni da takarda. Ni wan mijinki ne, ba mu saba haɗa ido ba, kuma bakina ba ya kai inda alƙalamina ke kaiwa.

Maganar banjo ce, gurmin Baturen nan da ke rataye a ɗakinsa. Kin san a gwanjo ya sayo shi tare da mandolin, wata ƙaramar garayarsu, ya ɗora mini ƙaramar, wai sai mun koyi kiɗan bulugiras na mutanen karkarar Amurka da ya gani a waya. Take ɗaya muka sa a gaba, na karɓa-karɓa: ni in fara, in na kai tsakiya in koma ɗan dukan rakiya, shi ya shigo da banjo, ya gama ya miƙo mini. Ni yatsa bayan yatsa nake koyo, ina rubuta kurakuraina. Shi kunne kawai. Ya kan ce, "Yaya, kiɗa ne fa, ba jarrabawa ba."

Na ji Kawu Garba yana cewa kayan kiɗa ba sa shiga gado, kuma ina tsoron abin da zai biyo baya. In ba damuwa ki aiko mini banjon. Wataƙila bai dace in tambaya yanzu ba.

Allah ya ƙara haƙuri.
Sammani

Batagarawa

Yaya,

Wa alaikumus salam. Mun gode, ya namu haƙurin? Ummi na gaishe ku.

Takardarku ta makara. Ranar sadakar bakwai Kawu ya shiga ɗakin ya sauko da shi. Na ce, "Kawu, a bar wa Ummi mana." Ya ce, "Ke ɗiyar nan, sauƙi nike nema ma yaron a kabari, ba gaba nike da shi ba." Yana kuka ya karya wuyan a gwiwarsa. Na so in ji haushinsa, na kasa.

Amma Yaya, rabon Baban Ummi na taken bai tafi ba. Kullum bayan la'asar sai ya jawo kujera bakin murhu ya dame ni da shi, har na ce in bai bari ba da wuyan abin zan tuƙa tuwo. Yana kaina kaf. Jiya ma na tsinci kaina ina yin sa da baki ina tankaɗe. In na fita takaba ku zo da ƙaramar taku. Zan zauna bayan labule in cike muku gurbin.

Ku huta lafiya.
Haulat

Ƙofar Kwaya

Maman Ummi,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta, na ajiye, na sake karantawa.

Na koma kaɗawa. Tun rasuwar ban wuce tsakiya ba: in na kai wurin sai hannuna ya tsaya yana jira. Ban sani ba ko ɗawainiya zan ɗora miki. Zan zo dai, in Allah ya kai mu.

Sammani

Ƙofar Kwaya

Maman Ummi,

Ina kwana, ya gajiyar jiya? Ummi ta biyo ni zaure ta ce kina ba ni haƙuri. Don Allah ki daina.

Ban taɓa fara taken babu kuskure ba sai jiya. Da na kai gurbin na ji kin ja numfashi bayan labule, sannan shiru. Na ji kukan da ya hana ki. Sai ga shi hannuna bai tsaya ba. Na yi ta dukan rakiya har iyakar rabonsa, na karɓa daidai inda ya saba miƙo mini, na kai ƙarshe.

Haka zan riƙa kaɗa shi. A bar masa wurinsa.

Ki shafa mini kan Ummi. Allah ya jiƙansa.
Sammani