Hular da Ta Dawo da Kanta

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya Yaya da yaranta, da Auta sarkin rigima?

Kin ce a waya muryata ta daina dariya, wai in jin daɗin da na fito nema bai samu ba, in tattara in dawo. Ki ƙara min haƙuri, ki ji abin da na gani ranar Talata da safe.

Muna sauke siminti sai iska ta fizge hular shugaban aikinmu, mutumin da ko gaisuwa da ka yake amsawa. Ya bi ta a guje, tumbi na rawa. Duk sanda ya sunkuya, sai ta ƙara gaba. Da ya gaji ya zauna kan bulo yana haki, ya ce, "Je ki, na yafe!" Sai ga ta ta gangaro har gaban takalminsa.

Dariya ta ƙwace min, irin ta Baba, mai ƙarewa da tari. Shi ma ya fashe.

Ashe tun zuwana haka nake bin jin daɗi, ba numfashi. Hannuna ya ɗan tsattsage, makwancinmu kuma sai a hankali, amma yanzu nakan zauna in huta. Ki ci gaba da sa min albarka, ki turo hoton Auta.

Ɗanki ne, ba ya miki ƙarya. In kuma ba ki yarda na yi dariya ba, ina da shaidu: direban motar, mai gadi, da mai hular kansa.