Sheƙar Kurciya a Mangwaron Gidanka

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zaman Garwa, ya jikin Inna? Mu nan unguwar Kilomita Biyar da sauƙi, kwana biyu ba mu ji harbi ba.

Maganar Kawu Isa ce. Kashin tsuntsu ya ɓata masa atamfofin da yake bajewa a gindin mangwaro, sai jiya ya kawo mai adda. Kafin in fito, reshe ɗaya ya faɗi da sheƙar kurciya, 'ya'yan ko gashi ba su yi ba. Na roƙe shi ya dakata har sauran 'ya'yan tsuntsayen da ke kan itacen su tashi, ni zan ɗaura masa tamfol.

Ya ce, "Ana kashe mutane, kai kana kukan tsuntsu?"

Mutumin da aka ƙone wa gida a unguwar Miskine ke faɗin haka! Na haɗiye amsata don girmansa, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Mai addar zai dawo ranar Asabar. Gidan naka ne, maganarka kaɗai Kawu zai ji. Don Allah ka kira shi kafin nan. Itace dai ba gudu zai yi ba.

A gaida Inna da yara. A sa mu a addu'a, har da na kan reshe.

Ƙaninka,
Nuhu