Sunan da Hajara Ta Kasa Faɗa

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masu karanta wa makafi littattafai a jiharmu, da 'yan kwamitinsa da ke Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali, ina yi muku barka da aiki. Ni ne Muhammadu Ɗan-Ige, tsohon malamin gona a Bukkuyum, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ba da muryarsu ga wannan aiki tun ana ɗaukar karatu da wayar aro. Na aiko muku takarda ta hannun wakilinku, na bar saƙo a waya, shiru kamar an shuka dusa. Shi ya sa na fito fili. Tsoho ba ya son a gan shi yana kuka a kasuwa, amma in an kulle masa zaure ina zai tsaya?

Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da ni. A gindin kakata na tashi ina jin tatsuniya, ban iya shiga magana ta taga ba, sai na bi ta ƙofa.

Na ɗaya. Ina da jika, sunanta Sa'adatu, haifaffiyar Yargalma. Shekarar da gubar dalma ta shiga gidajenmu tana tatata. Ta yi ta jijjiga, likitoci suka yi iyakar nasu, Allah ya bar mana ita, ya karɓi idanun. Da ta isa shiga makaranta uwarta ta kawo mini ita gari. Yanzu tana ajin ƙarshe na sakandare, a cikin masu gani take zama, littattafanta duka suna cikin wani ɗan memori da ake sawa a rediyo. Abin da wasu ke ɗauka da ido ita da kunne take ɗauka, kuma ba ta taɓa zama a bayan aji ba. Ko ni ba ta bar ni ba. In na karanta mata abu ina gyangyaɗi, sai ta ce miji irina ko kyauta aka ba ta sai ta nemi ragi.

Yau ta kusa zango guda ba ta taka makaranta ba. Wannan ne dalilin takardata, ba wani ba.

Na biyu. Ina so in tuna muku yadda muke aikin nan a da, domin na ga mafi yawan 'yan kwamitin yanzu sun same shi ne a dafe. Wanda ya koya mini, Malam Bitrus ne, malamin firamare da aiki ya kawo shi Anka daga kudancin Kaduna, ya zauna da mu har 'ya'yansa suka fi mu iya Sakkwatanci. Shi ya kafa mana doka cewa sabon mai karatu ba ya zama shi kaɗai. Za a haɗa shi da tsohon hannu, sannan a zaunar da makaho a gabansu, wanda muke kira mai kunne. Kana karatu, mai kunne na saurare. In ka yi sauri ya ce tsaya. In ka ce "dubi zanen da ke ƙasa" ka wuce, ya tambaye ka da wane idon. In ka manta faɗin lambar shafi ya tuna maka cewa gobe malami zai ce a buɗe shafi kaza, shi kuma ba shi da shafi sai bakinka. Ni da nake ganin na iya karatu, wani makaho mai saƙar igiya daga Gummi ya sa na maimaita babi guda har maƙogwarona ya bushe, wai ina karatu kamar mai raba takin gwamnati, ina so in gama in tafi.

Amma babban amfanin zaman bai tsaya nan ba. Kafin a ba mutum littafi, tsohon hannu ya riga ya san shi, ya san gidansu, ya san abin da bakinsa ba zai iya ɗauka ba. Mun san wace ce ba za ta karanta babin haihuwa a littafin kimiyya ba ko za a yanka ta, sai mu ba wata. Mun san wa ba ya faɗin sunan surukinsa. Sai mu duba littafin tukuna, mu yi musaya a tsakaninmu, ba tare da an ba kowa kunya ba. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na uku. Bara da rani kuka sauya tsari. Aka ce zaman biyu-biyu yana jawo jinkiri, aka tara sababbin masu karatu a otal a Gusau aka yi musu bita, aka ba su takardar shaida. Daga nan sai a aiko wa mutum littafi daga ofis, ya shiga ɗaki ya rufe, ya karanta wa bango, ya tura. Mu tsofaffin hannu aka ce mu ma mu zo mu yi bitar. Ranka ya daɗe, ka san halin hanyarmu. Matasa ma sai sun yi alwala da wasiyya kafin su hau mota, balle ni da gwiwa ta ƙi. Malam Bitrus kuwa ya yi ritaya ya koma garinsu. Haka aka wayi gari ba mu da hurumin zama da kowa.

Ban ce bitar banza ce ba. Yaran sun dawo sun iya kashe ƙarar iska, muryarsu tas kamar ta gidan rediyo. Abin da otal ba ya koyarwa shi ne sanin mutum.

Na huɗu, kuma nan ne ciwon. A cikin waɗanda suka yi bitar akwai Hajara, 'yar Tungar Guru da ke aure a nan Bukkuyum, mace mai natsuwa da murya mai daɗi. Ofis ya aiko mata littafin labari da 'yan ajin su Sa'adatu za su yi jarrabawa a kansa. Jarumin labarin sunansa Haruna. Ɗan farin Hajara ma Haruna ne. Ko yana raye ba za ta kira sunansa ba, kun san al'adarmu. To ba ya raye. Shekarar dalma ya tafi, yana goye a bayanta, kafin su isa asibiti. Saboda shi ta shiga aikin nan.

Babu wanda za ta gaya wa. Ba ta san kowa a ofis ba, ta kuma ji nauyin mayar da littafi, kada a ce ta raina aiki. Sai ta karanta shi tun daga fari har ƙarshe, duk inda sunan ya fito ta ce Mai-sunan-yaro. Ofis ya duba tsabtar sauti, ya ga ba ƙara, ya rarraba.

Sa'adatu ta haddace littafin kamar yadda ta saba. Kada ku ce ai ya kamata ta gane. A garinmu akwai Mai-sunan-Malam, akwai Mai-sunan-Baba, da su ake kiransu har su tsufa. Sannan mu muka raine ta a kan cewa abin da ke cikin littafi shi ke fitowa daga rediyo, ba ƙari ba ragi. Ran da malami ya tambayi sunan jarumin, ita ta fara ɗaga hannu. Aji ya fashe da dariya. Ta tsaya a kan bakanta, ta ce haka yake a littafi, har malamin ya ba wani yaro ya karanta mata da ƙarfi. Tun daga ranar duk inda ta gitta da sandarta sai a bi ta da Mai-sunan-yaro.

Na ɗauka dariyar ce ta zaunar da ita, na yi ta lallashi, ina cewa bakin yara iska ne. Ashe ba nan take ba. Wata rana da hantsi ina gyaran igiyar akuya, ta ce mini:

"Tsoho, in an canza mini suna ban sani ba, mi kuma aka canza? Wanga littahi na kama shi don an yi mini dariya. Sauran fa?"

Mai ido in ya yi shakka sai ya sake dubawa. Ita ina za ta duba? Ta cire memorin ta ƙulle a bakin zane, ba ta sake kunna rediyon ba.

Na biyar. Labari ya kai wa Hajara. Bayan sallar layya ta zo gidana da yamma, ta durƙusa a tsakar gida, ta kasa ɗaga kai. Ta ce ta bar aikin, ta zo ne kawai ɗiyar ta yafe mata. Da ƙyar ta faɗi dalilinta, shi ma rabi, ni na ƙarasa. Sai Sa'adatu ta tambaya ko littafin na hannun Hajara. Aka aika aka ɗauko. Ta ce a kunna waya, a sake tun daga farko, a gabanta.

Hajara ta fara. Layi kaɗan sai ga sunan. Ta tsaya, hawaye na sauka a kan takarda. Na buɗe baki in ce a bari, sai na ji Sa'adatu ta ce, "Haruna." Ta ƙara da cewa, "Ci gaba, Inna. Duk inda kika iso gare shi ki tsaya, ni zan faɗa."

Haka suka yi ta yi kullum bayan la'asar har littafin ya ƙare, ni ina gefe da nawa kwafin ina bin layi. Uwa na karatu, in ta iso wurin ɗanta sai ta yi shiru, yarinyar da ta tsira daga abin da ya kashe shi ta kira sunan. Na yi shekaru a wannan aiki, ban taɓa jin karatun da ya fi shi gaskiya ba.

Muka ba wakilinku sabon karatun. Yaron kirki ne, ba ni da ta cewa a kansa, abin da aka gaya masa ya faɗa mana: ƙa'ida ta ce murya ɗaya, kuma ni da Sa'adatu ba mu da takardar shaida. Aka dawo mana da shi. Wancan na farko kuwa yana nan a rediyon yaran Anka da na Gummi, suna haddace shi, suna jiran ranar tasu dariyar.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba kuɗi a ciki.

Ku janye karatun farko daga hannun yara, ku maye gurbinsa da wanda aka yi a tsakar gidana. In murya biyu laifi ce, ku saurare shi tukuna kafin ku yanke hukunci.

Ku dawo da zaman biyu-biyu da mai kunne. Ku ci gaba da bitarku, ba ta hana komai, amma in mutum ya dawo daga Gusau a ba shi wanda zai zauna da shi a garinsu, wanda zai iya ce wa "wannan ba zan iya ba" ba tare da jin nauyi ba. Mu tsofaffin ba mu da yawa yanzu, kuma ba ƙaruwa muke yi ba. Ku yi amfani da mu tun muna numfashi.

Ku bari a sake sauraren littattafan da aka ɗauka tun bara, wani na riƙe da littafin a hannu. Ba Hajara kaɗai ke da sunan da ba ta faɗa ba.

Kada kuma a tuhumi baiwar Allahn nan. An ba ta kaya ne ba a tambaye ta ko kanta na da ciwo ba.

Ranka ya daɗe, an kusa komawa makaranta, wannan ne zangon da ake rubuta sunayen masu jarrabawa. Na tambayi Sa'adatu ko in kai kayan makarantarta wurin tela a sake musu ƙugu. Ta ce in dakata. Ta ce ran da aka ce mata an canza karatun da ke hannun sauran yaran, ranar za ta ɗauki sandarta da kanta, ba sai an roƙe ta ba. In kuwa ba a canza ba, to ta gane cewa an san ba daidai ba ne aka bar shi, kuma ba ta ga abin da za ta je ɗauka a wurin ba. Ban yi mata gardama ba. Kayan suna nan a ninke, kuma ba ni ne zan ce a ɗauko su ba.

Allah ya ba ku ikon yin adalci, ya tsare muku idanunku da na 'ya'yanku, ya jiƙan yaran da dalma ta ɗauke mana, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalam.

Naku,
Muhammadu Ɗan-Ige,
Bukkuyum.