Motar da Ke Faɗin Lokacin Juyen Mai

Ɗana Bashiru,

Ina gaishe ka. Ya aiki, ya Hauwa da yara? Mu nan Ƙaura lafiya.

Motar gas ɗin da ka aiko wa yayanka Sani ta hana ni sukuni. Wata biyar yana zirga-zirgar Shinkafi bai juye baƙin mai ba, wai ita ke nuna lokaci da kanta. Gas ɗin kwana uku yanzu kwana biyu yake yi. Na yi magana, ya ce, "Inna, ai ba ta kunna wuta ba."

Ban yarda ba. Wanda ya ƙera ta ya san ramukan hanyarmu? In ta mutu a daji, wa zai tsaya masa?

Na ɓoye makullin cikin buhun gero har sai ka amsa. Gaida Hauwa, ku sa mu addu'a.

Innarka