Jan Ƙyallen da Kuka Bari a Gayaunata

Zuwa ga Shugaban ofishin da ya turo masu binciken duwatsu yankinmu na Faskari.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Hassana, daga wani ƙauye kusa da Mairuwa. Bara na gama firamare. Ban iya tsayawa gaban manya in yi magana ba, ko a gida sai an ce in ɗaga murya, shi ya sa na rubuta.

Na ɗaya. Da rani, bayan an kwashe dawa, ma'aikatanku sun zo da guduma da ƙananan jakunkuna. Sun gaida Mai Unguwa, sun nemi izinin Baba, ba su raina kowa ba. Suna tafe a layi, suna fasa farin dutsen da muke kira ƙanƙara, suna ɗibar ƙasa da yashin rafi. Layin ya bi ta gayaunata, wato gefen gonar da Baba ya yanka mini nake shuka gyaɗa. Akwai mace a cikinsu, da hijabinta da takalmin maza. Na kai mata ruwa, ta ga ina leƙen jakarta, sai ta yi mini bayani. Ta ce zinari suke nema, amma ba a ganin sa da ido, sai an niƙa dutsen an gwada. Sau da yawa ma ba shi ake fara samu ba, sai wasu ƙarafa da ke zama tare da shi, su ke nuna ko yana kusa. Ta ce abin da suka ɗiba samfuri ne kawai, wataƙila babu komai a ciki.

Na biyu. Duk inda suka ɗibi ƙasa sai sun kafa turke, sun ɗaura masa jan ƙyalle. Ranka ya daɗe, a wurinmu idan aka ga haka a gona, mai gonar ne ya sa asirin tsari don yana da abin da yake karewa. Sauran turakun, yara da awaki sun tuge su. Nawa ne ya rage, don matar ta ce kada in taɓa, ni kuwa in ya karkace sai in miƙar da shi. Daga nan magana ta bazu har kasuwar Sheme, wai Baba ya ga zinari ya ɗaure shi.

Na uku. Samari suka fara zuwa da diga, har da waɗanda ba mu san fuskarsu ba. Sun haƙa ramuka, jar ƙasa ta rufe wadda na zuba wa taki. Tunkiyar Inna ta faɗa cikin ɗaya ta karye. Ba su samu komai ba, amma kowa cewa yake bai kai zurfi ba ne. Baba ya rantse a ƙofar masallaci bai san komai ba, aka yi masa dariya. Yana tsoron irin baƙin da maganar zinari ke jawowa. Ya ce idan ba a daina zuwa ba kafin ruwa ya sauka, zai bar musu wurin, in haƙura.

Ban ce da mugunta kuka yi ba. Na ga mutanenku, masu kirki ne, kuma na tabbata wannan labarin bai iso gare ka ba.

Ga roƙona. Ku dawo ku faɗi abin da gwajin ya nuna, da Hausa, a ƙofar Mai Unguwa, kowa ya ji. In akwai, a faɗa, hukuma ta tsare mu. In babu, a faɗa, ku tuge turken da hannunku a gaban mutane. Ku za su yarda da ku. Kuma idan za ku garin Ƙanƙara ko Sabuwa, don Allah ku canza ƙyallen. Sai na ƙarshe, ina jin kunyar faɗa: a tambayar mini matar nan wane darasi zan fi dagewa a kai idan na shiga sakandare. Ina son irin aikinta.

Ni da Inna mun fara cike ramukan da kwando, kuma na riga na ɓare gyaɗar iri. Baba ya gani, bai hana ni ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi wa aikinku albarka, ya kai ma'aikatanku gida lafiya duk inda suka shiga.

Wassalam.

Ɗiyarka,
Hassana